Katin Nababa

Anka,
9 ga Fabrairu, 2011.

Zuwa ga Yayana Hayatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya baƙunta a Bukkuyum? An ce mini har ka yi ƙiba, Allah ya ƙara lafiya. Mu nan ba za a ce lafiya lau ba, amma muna numfashi. Na sauka gidan Gwaggo a Anka don in kasance kusa da kotu, yaran kuma na bar su Abare wajen dangin ubansu.

Na kira lambarka har na gaji, kullum a kashe. Shi ya sa na koma ga takarda. Direban da zai miƙo maka ita ya san fuskarka sarai, saboda haka kada ka wahalar da kanka da cewa ba ta iso ba.

Yau kwana ashirin da shida ke nan Labbo yana tsare. Mijina nake nufi, mijin ƙanwarka, wanda yake yi maka aski tun ba ka mallaki ko keke ba. An hana shi beli, an kai shi gidan yari a Gusau. Abin da ake tuhumarsa da shi, wai ya cire wa ɗanka Nababa hakin wuya da ganganci, jini ya ƙwace, yaron ya mutu. Surukinka, uban matarka Binta, shi ya taso tun daga Gummi ya kai ƙara, ya ɗauki zanen goyon da jini ya ɓata ya ajiye gaban 'yan sanda. Ban ga laifinsa ba. Jikansa ya mutu, an nuna masa jini, an nuna masa wanzami. Kai ne ka tsaya a gefensa ka sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, alhali ka san abin da ya kashe yaron nan.

Bari in tuna maka, tunda na ga alama ruwan Bukkuyum yana sa mantuwa. Ranar Talata ce. Binta na fama da laulayin ciki ba ta iya hawa babur, ka zo ka ce in goya Nababa mu kai shi wurin likitocin da ke auna jinin yara a Anka. Kwanansa huɗu yana amai, idonsa na juyewa. Muka bi layi tun hantsi har azahar. Aka ɗebi jininsa, aka ba mu kati ruwan ɗorawa mai lamba. Da sakamako ya fito, ma'aikacin ya zagaye shi da jan biro har sau biyu, ya ce dalmar da ke jinin yaron ta wuce abin da na'urarsu ke iya aunawa, a kwantar da shi nan take. Ya tambaye ka ko ana niƙan dutsen zinare a gidanku. Ka ce a'a. Ina tsaye da yaron a bayana, da kunnena na ji. Alhali injin niƙan yana ɗakin bayan rumbu, ka toshe tagar da buhu, wata biyu kacal bayan an kwashe ƙasar gidan saboda dalma an zuba sabuwa, an kuma tara mu gaban mai gari an hana niƙa a cikin gari.

Ka ce sai ka je gida ka sanar da uwarsa ka ɗauko kaya, gobe ka dawo da shi. Ma'aikacin bai so ba. Da ka nace, ya karɓi katinka na zaɓe ya kwafi cikakken sunanka da garinmu a bayan katin yaron, ya sa ka dangwala yatsa cewa kai ka ɗauke shi da kanka. Ya ce ka miƙa katin a teburin bakin ƙofa in za mu fita. Ba ka miƙa ba, aljihu ka sa.

A hanya ka tsayar da babur ka roƙe ni in yi shiru kwana biyu kawai, har ka fitar da injin. Ka ce in likitoci suka biyo yaron gida suka gani, mai gari zai ƙwace injin, surukinka kuma zai ɗauke 'yarsa. Ka haɗa ni da darajar Baba da ke kabari. Na yi shiru. Ko Labbo ban gaya wa ba, kuma wannan shirun shi ke cin raina har yau. Ranar Alhamis ina Islamiyya ina koyarwa, Inna ta ga jikanta ya ƙi cin abinci, ta ce hakin wuya ne, ta aika aka kira Labbo. Ya yi abin da ubansa da kakansa suka yi wa rabin mutanen Abare, ni da kai a ciki. Ranar Asabar yaron ya yi ta jijjiga har ya cika. Kwana biyun da ka roƙa sun zama huɗu, injin kuma bai motsa daga inda yake ba.

Lauyan da aka ba mu ya ce katin nan kaɗai ya isa ya fitar da Labbo. Ba na neman ka zo, ba na neman ka yi kuka gaban kowa. Ka sa shi cikin ambulan ka ba direba. Za a zauna ranar ɗaya ga watan gobe.

Na yi maka ta'aziyya ranar da abin ya faru, ina kuma sake yi. Ni na goya yaron nan zuwa Anka da dawowa, har yanzu ina jin zafin jikinsa a bayana. Allah ya sa mai ceto ne. Ka gai da abokan aikinka.

Ƙanwarka,
Sahura.


Anka,
8 ga Maris, 2011.

Yaya Hayatu,

Assalamu alaikum. Ya zafi, ya jiki, ya haƙar zinare? Ina fatan rami yana ba da abin da ake nema, tunda an sayar da abu mai tsada kafin a same shi. Gwaggo tana gaishe ka, ita har yanzu ba ta san wane ne kai ba.

Saƙonka ya iso. Ba ka iya rubuta layi biyu ba, sai ka ce wa direba ya gaya mini wai katin ya ɓata. Yaya, da wa kake magana? Ni ce fa muka tashi ɗaki ɗaya. Kai da ban taɓa ganin ka yar da ƙwayar zinare mai girman ƙwayar gero ba, kai da kake ajiye tsohuwar igiyar guga don wata rana. A gabana ka buɗe gwangwanin da kake sa ma'auninka na zinare, ka ninke katin biyu ka tura ƙasa. Gwangwanin nan ko banɗaki za ka shiga sai ka san inda ka ajiye shi. In ƙarya za ka yi mini, ka yi wadda za ta ɗan ɗauke ni lokaci kafin in gane.

Injin da ya gagare ka fitarwa don ran ɗanka, cikin yini ɗaya ka fitar da shi da ka ji 'yan sanda za su shigo gari. Har ka sa aka yi wa ɗakin sabon daɓe. Da lauya ya aika a duba, buhunan dawa aka tarar a jere. Ashe kana da zafin nama in abin ya shafi fatarka.

Tunda ka hana kati, muka koma wurin likitocin ni da lauya, muka roƙa a duba babban littafin da suke rubuta yara. Suka karɓe mu da mutunci, suka duba sunan da ke takardar tuhuma, Lirwanu Hayatu daga Abare. Babu shi. Suka duba sati guda gaba, sati guda baya, babu. Ina zaune a kan benci sai na tuna. Ranar da mai rubutu ya tambayi sunan yaro, kai ka kau da kai saboda ɗan fari ne ba ka faɗin sunansa. Ya juyo gare ni. Ni kuma sunan Baba ne aka sa wa yaron, ban taɓa kiran sunan Baba da bakina ba, ba kuma a gaban baƙo zan fara ba. Yanzu ma dole ce ta sa na rubuta shi a sama. Na ce Nababa, kamar yadda kowa ke kiransa a gida. Wannan kuskurena ne, kunya ce ta sa, na ɗauka. Amma da ya tambayi sunan uba ka ce Bala, sunan da Inna kaɗai ke kiranka da shi. Da ya tambayi gari, kafin in buɗe baki ka ce Adabka. Wannan ba kunya ba ce. Tun muna kan layi ka riga ka shirya yadda ba za a biyo ka gida ba.

Mun samu layin da aka rubuta shi a littafin. Nababa Bala, Adabka, shekara biyu, ga jan biro a gefe. Lauya ya kai kotu da murnarsa. Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce abu uku ake gane mutum da su a takarda, sunansa da na ubansa da garinsa, kuma ko ɗaya bai dace da mamacin ba. Ma'aikacin da ya gan mu an canza masa wurin aiki. Wanda aka turo ya ce yara ɗari-ɗari suke gani, ba zai rantse a kan fuskar da bai sani ba. Alƙali ya ce ba zai gina hukunci a kan zato ba, ya sa aka cire shafin daga cikin shaidu. Ina kallo aka mayar wa lauya takardar, ya ninke ta ya sa a jaka.

Ka ga yanzu abin da ke haɗa Nababa Bala na Adabka da ɗanka abu ɗaya ne a duniya, shi ne sunanka da yatsanka da ke bayan katin nan. Ina jin ka riga ni sanin haka.

Labbo ya san komai. Tun a ofishin 'yan sanda na durƙusa na gaya masa. Na so ya zage ni, na so ma ya mare ni. Amma cewa ya yi da na gaya masa ko da kalma ɗaya ce, da ko bakin yaron ba zai buɗa ba, da shi zai ɗauke shi ya mayar Anka. Daga nan ya tambaye ni ko na ci abinci. Irin mutumin da ka shafa wa kashin kaji ke nan.

An ɗage zama zuwa watan Mayu. Direba zai kwana biyu a Bukkuyum, yana da wurin ambulan a aljihunsa. Ka huta lafiya, in kana iyawa.

Ƙanwarka,
Sahura.


Anka,
19 ga Mayu, 2011.

Hayatu,

Sallama irin ta Musulunci, don ita haƙƙin kowane Musulmi ce. Ina fatan kana lafiya. Ina yi maka barka, Binta ta sauka a gidansu a Gummi, an samu mace. Na san ka ji, tunda an ce ka aika da rago, kai dai ba ka je ba.

Sau biyu kotu tana aika maka sammaci. Sau biyu ɗan aiken yana dawowa ya ce a wurin haƙar babu wanda ya san wani Hayatu. Direba yana samunka duk lokacin da ya so, amma ya ce shi ba ya shiga maganar kotu, yana da iyali. Abokanka kuma da sun hango baƙo da takarda sai kowa ya zama kurma. Allah ya bar ku tare.

Lauya ya ce saura ni. Sati biyu ina shiri, ina maimaita abin da zan faɗa ina wanke-wanke, har Gwaggo ta fara tsammanin na taɓu. Na tuna launin rigar ma'aikacin, na tuna inda muka tsaya a hanya, na tuna kalmomin da ka roƙe ni da su ɗaya bayan ɗaya. Ranar zama aka kira ni na fito. Alƙali ya tambayi sunana na faɗa. Ya tambayi mene ne tsakanina da wanda ake tuhuma, na ce mijina ne. Shi ke nan abin da aka bari na faɗa. Mai gabatar da ƙara ya miƙe, alƙali ya ɗaga masa hannu alamar ya riga ya gane. Ya yi mini bayani a hankali, ba da wulaƙanci ba, ya ce shaidar mace ga mijinta ba ta shiga, don abin da ya amfane shi ya amfane ta. Na ce ni kaɗai ce na gani. Ya ce ya ji, amma ƙa'ida ce, in koma in zauna. Na koma na zauna da maganata a ciki kamar wadda ta haɗiyi tuwo da zafi. Labbo yana tsaye tsakanin gandirebobi biyu, bai ɗago kai ba.

Sai aka kira Inna. Kwana uku na yi ina lallashinta kafin ta yarda ta hau mota. Ba ta san maganar kati ba, amma ta san injin, a gabanta ake niƙa, ita ke share ƙurar da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Aka tambaye ta. Ta dubi Labbo, ta dube ni, ta ce ita tsohuwa ce, idonta ba ya gani sosai, ba ta san abin da maza ke yi a bayan gida ba. Tana faɗa hawaye na bin fuskarta. Ban ji haushinta ba, an sa ta zaɓa tsakanin ɗan da ta haifa da mijin 'yarta. Kai nake jin haushi. Matar da ba ta taɓa cin goron wani ba tare da izini ba, ka mai da ita maƙaryaciya da furfurarta, kana can kana wanke ƙasa a kwano.

Daga kotu ban koma gida ba, Gummi na wuce da sunan barka. Na samu Binta a ɗaki da jaririya, na gaya mata komai tun daga layin asibiti har gwangwani. Ashe ce mata ka yi likitoci sun ce zazzaɓi ne, zai wuce. Ta ƙura mini ido, ta tambaye ni abu ɗaya, wai da gaske an ce a kwantar da shi a ranar? Kafin in amsa ubanta ya shigo. Ya ce ya san za a rina, matar mai laifi ba abin da ba za ta ƙaga ba, in ina da gaskiya in nuna katin. Ya sa aka fito mini da takalmana waje. Turmin atamfar da na kai wa jaririya ma sai da aka biyo ni da shi tasha.

Na je Gusau shekaranjiya. Labbo ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya ce ko ya fito ba ya jin zai ƙara riƙe aska. A Abare an daina gaishe da 'yan'uwansa, matan da ya yi wa 'ya'yansu kaciya suna cewa dama sun lura hannunsa ba shi da kyau. Sana'ar gidansu tun kakanni ce ka kashe, ba mutum ɗaya ba.

Ban iya roƙo ba, ka sani tun muna yara. Amma ga shi ina yi. Ka aiko da katin. In tsoron surukinka kake ji, ka aiko ka gudu Nijar, ni zan riƙe Inna.

Sahura.


Anka,
11 ga Yuli, 2011.

Hayatu,

Assalamu alaikum. Ya damina? An ce ruwa ya cika muku ramuka kun koma zaman banza, to ka samu lokacin karatu. Ka karanta wannan sau biyu.

Akwai wani dattijo da ke rubuta wa mutane takardun ƙara a gindin darbejiyar bakin kotu, ya fi shekara ashirin a wurin. Ya ga fitowata ranar da aka zaunar da ni, ya kira ni ya tambayi abin da ya faru. Ya ce ai maganar a fili take, aure ne ya hana shaidata, in babu aure babu abin da zai hana. Tun ranar maganar take yawo a kaina. Ban gaya wa lauya ba. Na san abin da zai ce, in yi haƙuri a bi a hankali, wata shida ke nan muna bi a hankali. Zama biyu ma bai zo ba, shari'o'i sun yi masa yawa.

Ka san igiya ɗaya ta rage tsakanina da Labbo. Biyu sun tafi tun muna da ƙuruciya da zafin kai, na biyun ma kai ka ɗauke ni a babur ka mayar da ni ɗakina kana yi mini faɗa a hanya. In wannan ta tsinke babu kome, sai na auri wani ya sake ni, ni kuma ba zan yi auren kisan wuta ba, shi ma ba zai karɓa ba. Shekara goma sha ɗaya da yara biyu. Na san abin da nake shirin yi, ba hauka nake ba.

Sau biyu ina kai wa Labbo maganar yana ƙi. Ya ce gara ya ruɓe a ciki yana da mata da ya fito ba shi da kowa. Na ce masa shiruna ne ya kawo shi nan, ba zan iya kwana da tashi da wannan ba, in bai bar ni na yi magana ba zuciyata za ta buga. Na yi kuka har gandireba ya ce lokaci ya cika. Zuwa na uku ya ce to, tunda na fi son gaskiyata a kan aurena. Ba haka ba ne, amma ban tsaya gyara masa ba. Mun yi da shi cewa in na dawo ranar Juma'a ta sama ba kati a hannuna, zai rubuta. Zaman ƙarshe na jin shaidu ranar ashirin da shida ne.

Saboda haka kana da kwana goma sha ɗaya. Direba yana zuwa Bukkuyum sau uku kafin nan, na tambaya. Ba sai ka rubuta komai ba, ba sai ka sa suna ba. In katin ya zo, zan je Gusau in nuna wa mijina, in dawo ina matarsa. In bai zo ba, da hannun Labbo za a rubuta takardar, amma ni da kai mun san wanda ya sake ni.

Ban gaya wa Inna ba, kada ka gaya mata.

Sahura.


Anka,
13 ga Satumba, 2011.

Zuwa ga Yayana Hayatu, a Abare,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. An sha ruwa lafiya, an yi salla lafiya? Ya Inna da ƙafa, ya Binta, ya jaririya? Na ji ka dawo gida kwana biyu bayan an yanke hukunci, har ka yi Juma'a a sahun gaba, surukinka kuma ya maido maka da matarka da gara. Madalla. Gida ya cika.

Sau uku ina tsayawa a tasha ina jiran direba. Na ukun bai ma bari na tambaya ba, daga nesa ya girgiza mini kai. Ranar Juma'a na je Gusau. Labbo ya ari biro wurin gandireba ya rubuta a kan gwiwarsa, layi biyu ne. Ya miƙo mini bai dube ni ba. Ya ce in kula da kaina, ya juya ya koma ciki tun lokaci bai cika ba.

Ranar ashirin da shida na tare lauya a bakin kotu na ba shi takardar. Ya karanta, ya dafe kai, ya tambaye ni wa ya ba ni wannan shawara. A fuskarsa na fara ganewa. Duk da haka ya gabatar da ni, don babu abin da ya rage. Alƙali ya karanta takardar, ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Ya ce shaidar da aka riga aka mayar a shari'a ba ta dawowa a wannan shari'ar don an kawar da abin da ya hana ta. Ya ce macen da ta kashe aurenta don ta ba da shaida ta nuna da kanta iyakar abin da za ta iya yi wa mutumin, wannan ya ƙara nisanta maganarta, bai kusanto da ita ba. Ya ce da na tambaya kafin in yi, da an gaya mini. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri. A karo na biyu na koma na zauna ban faɗi kalma ɗaya a kan Nababa ba. Dattijon gindin darbejiya da ya hango ni sai ya duƙufa a kan rubutunsa.

Bayan salla aka yanke hukunci. Shekara biyar, an kuma hana shi wanzanci har abada. Uban Binta ya yi hamdala a fili. Da za a fita da Labbo na matsa kusa, gandireba ya tare ni ya ce iyali kawai. Na ja da baya. 'Yan'uwansa sun riƙe yaran, sun ce macen da ta nemi saki mijinta na ɗaure ba za ta riƙe musu 'ya'ya ba. Ban yi musu da su ba, ba ni da bakin yi.

Ba zan ƙara tambayarka katin ba. Ka riƙe shi, naka ne, ka biya shi da tsada.

Abin da ya sa na rubuto daban ne. Gwaggo ta yi iyakar ƙoƙarinta, wata takwas tana ciyar da ni, ba zan ƙara mata nauyi ba. Ni yanzu bazawara ce. Baba ya rasu, ba mu da wani namiji sai kai. Bazawara kuwa ka san inda take komawa, kai ne ubana yanzu, cina da shana da suturata suna wuyanka, duk Abare ba wanda zai ce ba haka ba. In ka kore ni sai ka gaya wa mai gari dalili. In wani ya zo neman aurena wurinka zai zo, kai za ka zauna ka yi masa bayanin yadda aka yi na fito.

Ina nan tafe ranar Asabar da motar safe. Ka sa a share mini ɗakin da ke kallon naka. Ba zan yi faɗa ba, ba zan ɗaga murya ba, kullum zan gaishe ka da safe in kawo maka ruwan alwala kamar yadda ƙanwa ke yi. Shekara biyar zan yi a gidan nan, ranar da Labbo ya fito ranar zan tashi. Ni da Binta kuwa turmi ɗaya za mu riƙa daka, murhu ɗaya, daga safe har yamma, kuma a Abare babu ubanta da zai shigo ya katse ni. Ta yi mini tambaya a Gummi ban samu na amsa ba. A kotu an hana ni magana sau biyu, a tsakar gidan ubana babu alƙali.

Ka gai da Inna, ka ce mata 'yarta na dawowa gida. Ka gai da Binta da kyau.

Ƙanwarka, wadda take hannunka yanzu,
Sahura.